Aron Kalmomi a Turanci da Tambayar Tsarkin Harshe

Daga cikin manyan harsunan duniya na yau da wuya a sami wanda ya yi aron kalmomi da yawa kamar Turancin Ingilishi, kuma da wuya a sami al'ummar da ta daɗe tana jayayya a kan wannan aro kamar yadda mutanen Ingila suka yi tun daga ƙarni na 16. Ararriyar kalma, a wurin masana kimiyyar harshe, ita ce wadda wani harshe ya ɗauko daga wani, ya daidaita furucinta da ƙirarta da ƙa'idojinsa, har masu magana da shi suka riƙa amfani da ita ba tare da jin wani baƙunci ba. A shekarar 1973 wasu masana biyu, Thomas Finkenstaedt da Dieter Wolff, sun bi asalin kalmomi kusan 80,000 da ke cikin taƙaitaccen ƙamus na Oxford, suka tarar cewa kimanin kashi 28 cikin ɗari daga Faransanci suke, wani kashi 28 ɗin daga Latin, kashi 5 daga Girkanci, alhali kashi 25 ne kawai suka fito daga dangin harsunan Jamus, wato zuriyar da shi kansa Turanci ya fito daga cikinta. Wannan ƙididdiga tana tayar da tambayar da ta fi ƙarfin nahawu, domin tana bukatar a faɗi abin da yake sa kalma ta zama mallakar wani harshe, a kuma tantance ko akwai wani abu mai suna tsarkin harshe wanda aro yake gurɓatawa.

Tarihin aron ya kusa kai tsawon tarihin harshen. Ƙabilun da suka ƙetara teku daga arewacin Jamus da Denmark zuwa tsibirin Birtaniya a ƙarni na 5 sun zo da 'yan kalmomin Latin da suka tsinta a hulɗarsu da Rumawa, amma babbar ƙofa ta buɗe ne a shekarar 597, lokacin da Paparoma Gregory ya aiko Augustine zuwa masarautar Kent domin ya yi wa'azin Kiristanci. Sabon addini yana bukatar sababbin sunaye, sai masu wa'azin suka bi hanya biyu a lokaci guda. Sun ari kalmomi kamar “monk” da “altar” daga Latin da Girkanci, sannan suka ɗauki tsofaffin kalmomin da mutane suka gada tun zamanin bautar gumaka, irin su “god” da “heaven” da “hell”, suka ɗora musu ma'anar da ta dace da sabuwar aƙida. Har ma suka ƙera “godspel”, wato labari mai daɗi, domin fassara sunan Linjila. Mai karatu Bahaushe ya san irin wannan tsari, tun da Hausa ta karɓi salla da zakka da Aljanna daga Larabci, ba ta kuma saki kalmarta ta Ubangiji ba.

Aro na biyu ya fi na farko shiga jiki. Mayaƙan Scandinavia da suka fara kai farmaki a ƙarshen ƙarni na 8, waɗanda harin da suka kai wa zawiyyar Lindisfarne a 793 ya shahara, sun zauna daga baya a gabashi da arewacin Ingila, suka yi noma da auratayya da mutanen ƙasar, abin da ya bar wa Turanci kalmomin yau da kullum kamar “sky” da “skin” da “take” da “law”. Abin da ya fi jan hankalin masana shi ne cewa har wakilin suna na jam'i, wato “they” da “them” da “their”, daga wurinsu aka samo shi, alhali harsuna ba su cika aron irin waɗannan ƙananan kalmomi da jimla take tsayawa a kansu ba. William Caxton, wanda ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila a 1476, ya kawo wani labari a gabatarwar wani littafi da ya buga a 1490, inda wani ɗan kasuwa ya nemi ƙwai a wurin wata mata a kudancin ƙasar da kalmar “egges” ta mutanen arewa, matar kuwa, wadda ta san ƙwai da sunan “eyren”, ta amsa masa da cewa ita ba ta jin Faransanci. Kalmar ba ta Faransanci ba ce, ta Scandinavia ce, kuma ita ce ta ci nasara har tsohuwar ta ɓace. Labarin yana nuna cewa mai magana ba ya jin asalin kalma a kunnensa. Abin da yake ji shi ne sabo ko rashinsa.

Daga nan sai aro mafi girma, wanda ya biyo bayan yaƙin Hastings na 1066, inda William na Normandy ya ci Ingila ya ɗora mata sarakuna da limaman coci masu magana da Faransanci. Kusan shekara ɗari uku Faransanci ne harshen fada da shari'a, Latin kuma harshen coci da ilimi, Turanci ya zama abin da talaka yake magana da shi a gona da kasuwa. Hatta dokar 1362 da ta umarci a riƙa yin shari'a da Turanci, da Faransanci aka rubuta ta. Masana tarihin harshen suna ƙiyasta cewa kalmomin Faransanci kusan 10,000 ne suka shiga Turanci a wannan zamani, kuma sun mamaye fagen mulki da shari'a da ibada: “government”, “judge”, “justice”, “mercy”, “prayer”, “faith”. Ba a yi wata babbar jayayya a kan wannan aro ba a lokacin da yake faruwa, saboda waɗanda suke da ikon rubutu su ne masu kawo kalmomin.

Jayayyar ta ɓarke ne a ƙarni na 16, bayan maɗaba'a ta yaɗa littattafai kuma marubuta sun fara rubuta falsafa da likitanci da tauhidi da Turanci maimakon Latin. Thomas Elyot, a littafinsa na 1531 a kan tarbiyyar masu mulki, ya shigo da kalmomin Latin da gangan, yana ganin harshen ƙasarsa matalauci ne da yake bukatar ƙari. Masu adawa suka laƙaba wa irin waɗannan kalmomi sunan ba'a, suna kiransu kalmomin kurtun tawada, ma'ana kalmomin da ba su da mazauni sai a alƙalamin malami mai son nuna sani. Babban jagoransu shi ne John Cheke, shehun malamin Girkanci na farko a kujerar sarki a jami'ar Cambridge, wanda a wata wasiƙa ta 1557 ya nemi a rubuta Turanci tsantsa ba gauraye, yana gargaɗin cewa harshen da yake ta aro ba ya biya ƙarshensa tsiyacewa. Hujjarsa dai ita ce ta karin maganar nan da ke cewa zanen aro ba ya rufe katara. Ya kuma gwada abin da yake faɗa a aikace, domin a fassarar da ya yi wa Linjilar Matiyu ya kira jarumin Rumawa mai riƙe da soja ɗari “hundreder”, ya kira tashin matattu “gainrising”. Ralph Lever ya tafi gaba da haka a 1573, inda ya rubuta littafin manɗiƙi, wato ilimin daidaita hujja, ya sa wa fannin suna “witcraft”, ya kuma ƙera wa kowane isɗilahi suna daga tsohon Turanci. A ɗaya ɓangaren, malamin makaranta Richard Mulcaster ya kare aro a 1582, yana kwatanta shi da 'yantar da baƙo a mayar da shi ɗan ƙasa, da sharaɗin ya bi dokokin ƙasar a furuci da rubutu.

Abin da ya biyo baya bai ba kowane ɓangare cikakkiyar gaskiya ba. Kalmomin Cheke da Lever sun mutu tare da su, haka ma dubban kalmomin kurtun tawada, kuma babu wata ƙa'ida da za ta bayyana dalilin da ya sa “impede” ta rayu, kishiyarta “expede” ta ɓace, alhali tushensu ɗaya, ƙirarsu ɗaya. Duk da haka ra'ayin tsarkakewa bai daina dawowa ba. Samuel Johnson, a gabatarwar ƙamus ɗinsa na 1755, ya koka da yadda masu fassara suke cika Turanci da salon Faransanci, kodayake ya yarda cewa babu mai ƙamus da zai iya ɗaure harshe. William Barnes, limamin coci kuma mawaƙi daga Dorset wanda ya rasu a 1886, ya so a kira ilimin tsirrai “wortlore”, nahawu kuma “speechcraft”. Ingila ba ta taɓa kafa wata hukumar tsaron harshe irin wadda Faransa ta kafa a 1635 ba, ko da yake Jonathan Swift ya nemi a yi hakan a 1712, saboda haka hukuncin ya kasance a bakin jama'a.

Inda jayayyar ta fi zafi, har ta kai ga rasa rai, shi ne fassarar Littafi Mai Tsarki, kuma a nan ne ake ganin cewa asalin kalma bai taɓa zama ainihin abin da ake faɗa a kai ba. William Tyndale, wanda fassararsa ta Sabon Alkawari ta fito a 1526, ya guje wa wasu kalmomi huɗu da cocin Katolika ya gina koyarwarsa a kansu: ya sa “congregation” a maimakon “church”, “elder” a bugu na baya a maimakon “priest”, “love” a maimakon “charity”, sannan “repent” a maimakon “do penance”. Thomas More, mai kare cocin Katolika, ya mayar masa da martani a 1529 yana zarginsa da ɓata nassi da gangan, kuma an kashe Tyndale a 1536 a Vilvoorde kusa da Brussels bisa tuhumar bidi'a. Wanda ya duba kalmomin da kyau zai ga cewa ba a jere suke gida da baƙo ba. “Love” da “elder” tsofaffin kalmomin Turanci ne, amma “congregation” daga Latin take, ta kuma fi “church” zama sabuwa a harshen nesa ba kusa ba, ita “church” ɗin ma asalinta Girkanci ne da ya daɗe har aka manta. Tyndale yana gudun ma'anar da hukumar coci ta ɗora wa kalma ne, More kuma yana kare wannan ma'ana, domin wanda ya ji “priest” zai tuna da mai ikon gafarta zunubi, wanda ya ji “elder” kuwa dattijon jama'a kawai zai gani.

Masu ra'ayin riƙe kalmomin asali su ma suna da hujja mai nauyi wadda bai kamata a raina ba. A 1542 Bishop Stephen Gardiner ya gabatar da jerin kalmomin Latin kusan ɗari da ya ce a bar su yadda suke a kowace fassarar Turanci, kuma fassarar Katolika da aka buga a birnin Rheims a 1582 ta riƙe irin su “pasche” da “azymes”, sunayen Idin Ƙetarewa da gurasa marar yisti, bisa tunanin cewa akwai ma'anonin da suke zubewa idan aka sauya musu mazubi, kuma gara mai karatu ya tsaya ya tambaya da ya wuce yana zaton ya gane. Masu fassarar Sarki James ta 1611 sun bayyana a gabatarwarsu cewa sun kauce wa ɓangarorin biyu, ba su sauya tsofaffin kalmomin coci da jama'a suka saba da su ba, ba su kuma ɗauki kalmomin da suke rufe ma'ana ba. Ma'aunin nasu sabo ne da fahimta, kuma da shi suka riƙe “baptism” ta Girkanci tare da “passover” da Tyndale ya ƙera.

Malaman Musulunci sun riga Turawa shiga wannan mas'ala da ƙarnoni da yawa, kuma yadda suka warware ta yana haskaka ta Turanci. An ruwaito daga wasu magabata cewa akwai kalmomi a Alƙur'ani da asalinsu na Habasha ne ko Farisa ko Rum, kamar mishkat da istabraƙ da ƙisɗas, alhali Alƙur'ani ya siffanta kansa da cewa Balarabe ne bayyananne. Imamu Shafi'i a cikin littafinsa Risala ya musanta cewa akwai wani abu a cikinsa da ba Larabci ba, yana mai cewa Larabci ya fi faɗin da wani mutum zai kewaye shi in ba Annabi ba. Ɗabari kuma ya ɗauki abin a matsayin dacewar harsuna a kan lafazi ɗaya. Abu Ubaid Alƙasim ɗan Sallam, wanda ya rasu a 838, shi ne ya haɗa maganganun biyu, inda ya ce tushen kalmomin na baƙi ne, amma Larabawa sun karɓe su, sun juya su zuwa lafazinsu, sun zama Larabci, sannan Alƙur'ani ya sauka da su. Saboda haka wanda ya ce Larabci ne ya yi gaskiya, wanda ya ce na Ajamawa ne shi ma ya yi gaskiya. Irin waɗannan kalmomi su ake kira mu'arrab, wato waɗanda aka Larabtar, kuma Jawaliƙi ya tattara su a littafi guda, haka Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya ware musu babi a littafinsa Itƙan.

Amfanin maganar Abu Ubaid shi ne ta raba tambayoyi biyu da masu tsarkake Turanci suka riƙa cakuɗawa: daga ina kalma ta zo, da kuma ta wace ce a yanzu. Ta farko tambayar tarihi ce, kuma idan aka bi ta har ƙarshe ba a isa wani tushe mai tsarki. “Sugar” ta shiga Turanci daga Faransanci, bayan ta bi ta Latin da Italiyanci daga Larabci, Larabci ya same ta daga Farisanci, shi kuma daga Sanskrit na Indiya. Hausa ma ta karɓe ta sau biyu, sukari daga Larabawa, suga daga Turawa. Tambaya ta biyu kuwa ta amfani ce, kuma amsarta tana hannun masu magana. Tun a zamanin Girkawa Aflaton ya tattauna ko sunaye suna da alaƙa ta ɗabi'a da abubuwan da suke nunawa ko kuwa yarjejeniyar mutane ce, malaman usulu kuma suka yi saɓani a kan ko harshe tauƙifi ne, wato koyarwa daga Allah, ko isɗilahi ne da mutane suka yi ittifaƙi a kansa. Ko wanne aka zaɓa game da mafarin harshe, babu mai musun cewa kalmomin Turanci na yau ta hanyar gado da cuɗanya suka samu, kuma mutumin da ya ce “they” ko “judge” ba ya magana da wani harshe sai nasa. Har ma kalmar “pure” da Cheke ya bayyana burinsa da ita, ta hanyar Faransanci ta shigo.

Sai dai rushe hujjar asali ba ya nufin cewa masu ƙorafin ba su hango komai ba. Sun ga cuta ta gaske, suka ba ta sunan da ba nata ba. Tsohon Turanci yana gina isɗilahinsa daga kalmomin da kowa ya sani, yadda ilimin taurari ya kasance “tungolcræft”, wato sana'ar taurari, amma bayan ƙarni na 16 kusan duk isɗilahin ilimi ya koma Latin da Girkanci, waɗanda 'ya'yan masu hali ne kawai ake koya wa. Turanci ya wayi gari da hawa uku na kalmomi a kan ma'ana guda, kamar “ask” ta gida da “question” ta Faransanci da “interrogate” ta Latin, kuma kowane hawa yana nuna matsayin mai magana. Ƙamus na farko na Turanci zalla, wanda Robert Cawdrey ya wallafa a 1604, jerin kalmomi masu wuya ne kimanin 2,500 da aka tsara saboda mata da sauran waɗanda ba su yi karatun Latin ba. George Orwell ya ƙara wani zargi a 1946, cewa 'yan siyasa suna fakewa da dogayen kalmomin Latin domin su ambaci kisa da korar jama'a ba tare da hoton abin ya zo wa mai sauraro a zuciya ba. Wannan ƙorafi ne na adalci ga mai sauraro, kuma gyaran da aka yi wa ƙa'idojin kotunan Ingila a 1999 ya nuna inda matsalar take: an jefar da “in camera” ta Latin aka sa “in private”, an sauya “plaintiff” da “claimant” duk da cewa su biyun daga Faransanci suke, an kuma yi watsi da “writ”, wadda tsohuwar kalmar Turanci ce tsantsa, saboda talaka ya daina gane ta.

Akwai kuma adalci na biyu da masu tsarkake harshe ba su damu da shi ba ko kaɗan, wato adalci ga mutanen da aka ɗauko kalmar daga wurinsu. Kalmomin Larabci da suka shiga Turai ta hanyar karatu sun isa da mutuncinsu: “algebra” daga sunan littafin Alkhawarizmi take, wanda Robert na Chester ya fassara zuwa Latin a ƙasar Sifaniya a 1145, “algorithm” kuma daga sunan marubucin kansa, haka “zero” da “cipher” daga sifiri. Waɗanda suka shiga ta hanyar mulkin mallaka labarinsu dabam ne. A 1886 Henry Yule da Arthur Burnell suka wallafa ƙamus na kalmomin da Turawa suka tsinta a Indiya, irin su “bungalow” da “jungle” da “shampoo” da “loot”, suka sa masa suna Hobson-Jobson, wanda shi kansa gurɓataccen furuci ne da sojojin Birtaniya suka yi wa kiran sunayen Hasan da Husaini da suke ji a juyayin watan Muharram. “Juggernaut”, wadda a yau take nufin wani ƙarfi da yake murƙushe duk abin da ya tare masa hanya, sunan Jagannath ne, abin bautar mabiya Hindu a garin Puri, kuma ma'anar ta samo asali daga rahotannin matafiya Turawa da suka zuzuta labarin masu faɗawa ƙarƙashin keken da ake jan sa a bikin shekara. “Mumbo jumbo” ta bayyana a littafin tafiye-tafiyen Francis Moore na 1738 a matsayin sunan wani dodon al'ada na Mandinka a yankin kogin Gambiya, ta ƙare a Turanci da ma'anar surutu marar kan gado. Na kusa-kusa shi ne “fatwa”, wadda bayan hukuncin da Ayatullahi Khumaini ya bayar a kan Salman Rushdie a watan Fabrairu na 1989 ta zama a fahimtar yawancin masu karanta jaridun Turanci umarnin kisa, alhali fatawa amsa ce da malami yake bai wa mai tambaya a kan alwala ko gado ko ciniki.

Za a iya cewa wannan ƙorafi ya saɓa wa abin da aka tabbatar a baya, domin idan kalma ta zama mallakar masu amfani da ita, to suna da ikon juya ma'anarta yadda suka ga dama, kamar yadda “nice” ta taso daga kalmar Latin mai nufin jahili ta koma nufin abu mai daɗi ba wanda ya yi kuka. Masana ma suna da suna ga kuskuren wanda ya dage cewa ma'anar farko ita ce ta gaskiya, suna kiransa ruɗin asalin kalma. Amsar ita ce akwai bambanci tsakanin kalmar da ta rabu da abin da take nunawa a gidansu da wadda har yanzu take nuna shi. Babu wanda yake tuna Rumawa idan ya ce “nice”, amma wanda ya ce “fatwa” yana magana ne a kan Musulmi rayayyu da wani aiki da suke yi kullum, saboda haka karkatacciyar ma'anar ta zama labarin ƙarya a kansu, wanda ake maimaitawa ba tare da mai faɗa ya san yana ba da shaida ba. Laifin bai shafi aron kansa ba, tun da Turanci yana da bukatar sunan wannan abu kuma sunansa na asali ya fi kowane dacewa. Ya shafi rashin tambayar masu abin, wanda kuwa halin mai iko ne a duk inda yake. Ba kowane sauyi ba ne yake kai wannan matsayi, domin mabiya Hindu da Buddha za su iya jin an rage wa “guru” da “karma” da “nirvana” nauyi idan aka sa su a tallar kaya, amma rage nauyi bai kai juya ma'ana zuwa ƙazafi ba.

Ƙamus ba ya iya gyara wannan da umarni. Babban ƙamus na Oxford, wanda James Murray ya karɓi jagorancinsa a 1879 kuma aka kammala bugunsa na farko a 1928, an gina shi ne a kan ƙa'idar rubuta abin da mutane suka faɗa da lokacin da suka fara faɗarsa, saboda haka dole ya kawo karkatacciyar ma'ana idan ta yaɗu, iyakarsa ya ajiye ta kusa da ta asali. Abin da ya sauya a ƙarni na 20 shi ne masu riƙe da alƙalamin. Chinua Achebe ya bar kalmomin Igbo irin su chi da obi da egwugwu a cikin littafinsa na 1958, ya kewaye su da rayuwar da take bayyana su, yadda mai karatu a Landan yake koyon ma'anarsu daga bakin ɗan gida. A yau waɗanda suke amfani da Turanci a matsayin harshe na biyu sun fi waɗanda aka haifa a cikinsa yawa, kuma a watan Janairu na 2020 ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da ma'anoni 29 daga Turancin Nijeriya, ciki har da “okada” da “danfo” da “buka” da “Kannywood”, yana kafa hujja da jaridu da littattafan da 'yan Nijeriya suka rubuta da kansu.